Hasken da Ya Iso a Makare

Talata, bayan la'asar

Yau na gama babin farko na littafin taurari. Ni Rabo na Ɗan Kassari, wanda mushe, malaminmu na boko, ya kora daga lakwal saboda na ce masa ƙasa ba ta juyawa, da tana juyawa da rijiyarmu ta zube. Ga ni yanzu da furfura ina bin faransanci da yatsa kamar mai tsince tsakuwa a cikin gero.

Littafin na Injiniya ne, babban ɗana. Ba wani injiniya ba ne, gyaran salula ya koya a Dogon Dutsi. Ɗan fari ne, bakina bai taɓa kama sunansa ba tun da aka haife shi, shi ya sa na laƙaba masa wannan. Uwarsa Balki tana ce masa "wancan". Matarsa Sahura tana cewa "shi". Gida guda, mutum uku, babu mai izinin kiransa.

A bakin kwalta ya sayi littafin, wurin masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a ƙasa. Ba bango, ba sunan mai shi, sai hotuna. Ranar da zai tafi Jado haƙar zinariya, bayan kaka, ya miƙo mini ya ce, "Baba, ga abokin musu, ka riƙa yi da shi kafin in dawo." Ina yi da shi kuwa. Shi ma ba ya jin magana.

Makon jiya Illo ɗan Dumega ya dawo daga can. Ya zauna a zaure, aka kawo ruwa ya ƙi sha. Ya ce ramin da suke aiki ya rufta, Injiniya yana ciki. Na ce, ka gan shi? Ya ce bai ga kowa ba, ƙasar ta yi yawa. Na ce, to ba ka gan shi ba ke nan. Ya ajiye mini jakar Injiniya ya tafi. Salula ba ta ciki.

Cikin Sahura ya sauko. Mata sun ce kowane lokaci.

Laraba, da hantsi

Littafi ya ce ranar da nake gani ba ta yanzu ba ce, ta ɗazu ce. Haskenta sai ya yi tafiya kafin ya iso, gwargwadon yadda mutum zai yi alwala ya shimfiɗa buzu. Na faɗa wa Balki. Ta ce, "To ranar ɗazu ce ta ƙona maka ƙeya, Malam? Tashi ka gyara dangar nan."

Alhamis, kafin magariba

A gidanmu babu rezo, salula ba ta kamawa. Sai mutum ya hau tudun bayan gari, ya tsaya gindin gawo, ya ɗaga hannu sama kamar mai rantsuwa. Kullum ina zuwa. Na ce musu shan iska nake yi.

Yau salula ta girgiza a hannuna.

Saƙon murya ne, wanda yara ke cewa bokal, daga lambarsa. "Baba, ina wuni. Zafi ya kashe mu nan, ruwa kamar an tafasa. Ka gai da Inna. Ka kai ina a littafin?" Sai wata ƙara kamar ta rediyo tsakanin tasha da tasha, sai ya yanke.

Ban san yadda na sauko ba. Takalmina ɗaya yana can har yanzu. Na kunna musu a tsakar gida. Balki ta zauna a ƙasa inda take tsaye, Sahura ta rufe fuska da mayafi. Na ce, "Kun ji ko? Ku nemo mini Illo in tambaye shi ko a lahira ana sa salula a sharji."

Ni kaɗai na yi dariya, amma na yi ta sosai.

Na koma na aika masa amsa. Alama ɗaya ta fito, ba biyu ba, wato ta fita ba ta isa ba. Rezo ne.

Asabar, da azahar

Shu'aibu ya zo a kan babur, wan Sahura, mai kanti a Dogon Dutsi. Yaro mai ladabi, wandonsa bai taɓa gaisawa da idon sawunsa ba. Ya saurari saƙon sau biyu, ya kira lambar, a kashe.

Ya ce, "Baba Rabo, ba gardama nake ba. Wanga saƙo zai iya zama tsoho. Can babu rezo, mutum sai ya ɗauki bokal ya zauna cikin salula. In wani ya tsince ta ya fito da ita inda akwai, sai su fita."

Na ce, "Wane ne wanin?"

Ya ce Allah ne masani.

Na ce, "To ni ma a nan nake."

Yana so a yi wa Injiniya sallar gawa, a san matsayin ƙanwarsa. Na ce ba na yi wa mai gaishe ni salla. Ya sunkuyar da kai, ya ɗauko maganar da nake gudu. Ya ce in namiji Sahura ta haifa, dangi za su jira su ji sunan da zan raɗa.

Na sani. A nan ba a ba jariri sunan ubansa uban yana raye. In an haife shi bayan uban, sai a mayar masa da sunan. Ni ne kaka, ni zan faɗa a kunnen liman. Abin da na faɗa ranar, shi gari zai ɗauka.

Na ce, "Mace za ta haifa. Littafi ya faɗa."

Littafi bai faɗa ba.

Lahadi, da safe

Babi na biyu. Taurari sun fi rana nisa, nisan da babu bakin faɗa. Hasken wata tauraruwa ya baro gida tun kakana yana goye. Wata tun ba a kafa ƙasarmu ta Arewa ba. Mai littafin ya ce iyakar nisan abin da ka hango, iyakar tsufan labarinsa.

Na ce masa ƙarya kake. Ya yi shiru, irin shirun mai gaskiya.

Litinin, kafin magariba

Saƙo na biyu ya zo.

"Baba, sanyin nan ba irin namu ba ne, hannu ba ya kama igiya. Ka ce wa Inna bargon ya yi amfani."

Ina tsaye gindin gawo, gumi yana bin bayana. Ko kare ba ya fitowa a wannan zafin. Sanyi.

Na kunna wa Balki. Ta ce, "Ai hamada ce, da dare sanyi ake." Na ce haka ne, littafi ma ya faɗa. Wannan kam ya faɗa.

Talata, da yamma

A'i ta zo, taubashiyata, tsohuwar da ta ƙi barin bori duk da jikokinta sun ɓoye mata garaya. Tun daga ƙofa ta fara.

"Ina bawan nawa? An ce ka zama mushe, kana karanta sama. Kai da ko alamar kilo ta bakin hanya ba ka iya ba."

Na ce, "Shigo, matar iskoki. Mijinki na wace kuka ce yau?"

Ta ce a kunna mata. Ta kara salula a kunne, ta rufe ido. Da ya ƙare ba ta ba ni ba, ta kife ta a ƙasa, ta goge hannunta da zane.

"Ka amsa mishi?"

Na ce sau ɗaya. Sau huɗu ne.

"Ka bari. Muryar ba ta da numfashi a bayanta, ba ka ji ba? Mutum in yana magana yana jan iska. Wanga ba shi ja."

Na ce salula ce ke yanke numfashin don kada ta cika. Ban san ko haka ne ba, amma da faransanci na faɗi rabin, ya yi kama da ilimi. Ta dube ni ta ce, "Rabo, tun muna yara in ka tsorata sai ka fara ba da dariya. Yau ka ba da da yawa."

Shu'aibu ya ce tsohon saƙo ne. A'i ta ce ba mutum ba ne. Wannan da waccan ko gaisawa ba sa yi, amma yau sun haɗu a kaina.

Alhamis, da hantsi

Akwai wani babi a tsakiya, hotonsa baƙi ƙirin. Wai a sama akwai rami, abin da ya faɗa ciki ko haske ne ba ya fitowa.

Na naɗe shafukan na soke da ƙaya. Faransancin wurin ya yi mini tsauri.

Juma'a, bayan masallaci

Babu.

Asabar, kafin magariba

Na uku. Hayaniya a bayansa, ana kiran fasinja. "Baba, ga mu Agadas. Ka ga raƙuma kamar awaki. Tari ya kama ni a mota amma da sauƙi."

Balki ta yi guɗa. Guɗa ta gaske, har maƙwabta suka leƙo ta danga. "Ya fito! Yana Agadas, ya kamo hanya!" Ta shiga ɗakinsa ta fitar da tabarma ta kakkaɓe.

Ina zaune Sahura ta kawo mini fura. Ta durƙusa da ƙyar saboda cikin. Ba ta saba yi mini doguwar magana ba. Tana kallon ƙasa ta ce, "Baba, tarin ga na tafiya ne. Ya kira ni a lokacin. Ya warke tun da daɗewa."

Na ce tari yana komowa, ɗiyata.

Ta ce, "To, Baba." Ta tashi.

Zafi, sannan sanyi, sannan Agadas. Ba sai mutum ya gama lakwal ba. Hanyar ce yake bi, amma da baya.

Lahadi, da asuba

Na fita duba taurarin Kaza. Ta ɓace tun farkon bazara, kuma sai ta leƙo gabas da ƴaƴanta kafin rana ake sa ran shuka. Ba ta fito ba tukuna. A littafi akwai hotonta, ashe ƴaƴan sun fi abin da muke ƙirgawa yawa nesa ba kusa ba. Shekara da shekaru ina ce wa mutane idona ya fi na kowa.

Na tambayi littafin abin da nake son tambaya. Ya ba ni amsa irin ta ma'aikacin gwamnati. Ya ce yawancin waɗanda ido ke gani suna nan. Amma in wata ta mutu jiya, ba mai sani, za ta ci gaba da haske a samanmu har labarin ya iso. Labarin kuma ba ya wuce hasken gudu. Tare suke tafe, ɗaya a bayan ɗaya.

Yawancinsu suna nan. Na ja layi da alƙalamin bik a ƙarƙashin wannan.

Talata, da la'asar

Na huɗu, daga garin Tawa. Ya ce sun tsaya cin abinci, miyar ba gishiri.

Balki ta jiƙa gero za ta yi masa fura. Na ce a jira. Ta ce, "Kai ba ka san yunwar hanya ba."

Laraba, bayan isha

Na murɗa rediyo tsakanin tashoshi. Littafi ya ce a cikin wannan shuuu ɗin akwai ɗan raguwar haske na farkon duniya, ya tsufa har ya daina zama haske, ya koma ƙara. Na saurara. Irin ƙarar ƙarshen saƙonninsa ce, ba bambanci.

Balki ta ce in kashe, yana tayar mata da tsigar jiki.

Na kashe. Ƙarar ta ɗan daɗe a ɗakin kafin ta fita.

Juma'a, da hantsi

Namiji.

Na ce littafi ya yi kuskure, za a kai ƙararsa. Aka miƙo mini shi a zane. Na ce, "Kai ne ka zo ƙwace mini mata? Ba ka da haƙori, ba ka da gona, da mi za ka riƙe Balki?" Mata suka yi dariya. Ya buɗe ido ɗaya ya dube ni.

Goshin ne. Ba zan rubuta na wa ba.

Suna Juma'a mai zuwa.

Lahadi, kafin magariba

Ƙonni. Ya ce jandarma sun sauke su sun duba kaya, sun wuce lafiya.

Na tsaya a tudun ina kallon hanyar da ke zuwa daga kwalta. Amalanke biyu, babur ɗaya, wata mata da itace. Na san abin da na sani, amma na tsaya har duhu ya hana ni gani.

Amsoshina duk suna nan jere, kowace da alama ɗaya.

Litinin, da azahar

Shu'aibu ya kawo rago. Ya ɗaure shi a gindin darbejiya, ya zo ya zauna kusa da ni. Bai yi wa'azi ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ya ce, "Baba Rabo, duk sunan da ka zaɓa mai kyau ne. Amma Sahura tana tambayata ko ita matar aure ce, ban san mi zan ce mata ba."

Na ce ragon nan kamar ya yi azumin nafila, haƙarƙarinsa a waje.

Ya yi murmushi don girmamawa.

In na ba shi wani suna, Balki za ta ci gaba da kakkaɓe tabarma, Sahura ta zauna tsakanin sama da ƙasa, ba aure ba takaba. In na ba shi wancan, na rufe ramin da bakina. Illo ma bai yarda ya ce ya gani ba, sai ni da ban je ba.

Talata, kafin magariba

Dogon Dutsi.

Na ji tashar da kunnena. Mai shayin nan da ke kiran kowa "patron". "Baba, mota ta cika, za mu tashi. Na manta ban ce maka ba, igiyar guga ta kusa tsinkewa, ka canza."

Na canza ta tun wancan watan. Ta tsinke kafin in canza, gugan yana cikin rijiya har yau.

Balki ta yi wanka ta sa zanen salla. Ta ce daga Dutsi zuwa nan ai kabu-kabu ne kawai. Ta zauna a ƙofar gida. Mutane suna wucewa suna gaishe ta a hankali, kamar masu wuce ɗakin mara lafiya.

Laraba

Ba ta shigo ba sai da na ce jaririn yana kuka. Ba ya kuka.

Ban hau tudu ba yau. Daga Dutsi saura wuri ɗaya.

Alhamis, bayan la'asar

Ban hau ba. A tsakar gida salula ta girgiza, a aljihuna, ina gyara rumfar baƙi. A gidan nan da ko kiran likita sai an hau tudu.

Balki ta ji. Sahura ta fito bakin ƙofa da jaririn. A'i tana nan tana tsinkar zogale, ta ajiye ƙwarya. Ba yadda zan yi, na kunna.

Da farko sussuka ce, taɓarya biyu suna amsa wa juna. Kaji. Sai muryar Balki tana faɗa da wani a kan tsintsiya. Sai jaki ya yi kuka, dogon kuka mai shaƙewa a ƙarshe. Jakinmu ne, Komanda. Ya mutu da sanyin bana, ni da Balki muka ja shi bayan gari.

Sai wani tsoho ya ce, "In ka samo zinariyar ka fara da bakina, haƙori uku nake nema." Ya bushe da dariya shi kaɗai. Ban taɓa jin dariyata daga waje ba. Ashe haka take.

Sannan shi, kusa ƙwarai, kamar bakinsa yana kafaɗata. "Baba, gwaji nake yi, in ga ko zai shiga. Kana ji na?"

Na ce, "Ina jin ka."

Tsohon cikin salula ma ya ce, "Ina jin ka." Tare muka faɗa.

Sai ƙarar nan. Sai shiru.

Ba wanda ya motsa. Ranar tafiyarsa ce, a nan gindin darbejiya inda ragon yake ɗaure. Na dubi wurin. Kowa ya dubi wurin.

Balki ta ce, "Komanda ne."

Na ce shi ne.

Ta shiga ɗakinsa. Na ji tana naɗe tabarma. Ta daɗe. Da ta fito ta canza zane, ta tsaya a gabana, ba hawaye. Ta ce, "Ya iso, Malam. Gobe ka faɗa wa liman."

Na nemi abin dariya ban samu ba. A'i ta ɗauki ƙwaryarta ta ci gaba da tsinka, tana yi tana share hanci.

Juma'a, da hantsi

An taru. An raba goro da dabino. Liman ya matso da kunnensa.

Shekara talatin da wani abu ina kewaye sunan nan kamar mai kewaye rijiya da dare. Na ɗauka zai yi nauyi. Bai yi ba, ya fito kamar dama yana bakin ƙofa yana jira.

Liman ya ɗago ya dube ni. Na gyaɗa kai. Ya faɗa da ƙarfi, aka shafa fatiha, sai wurin ya yi tsit, don kowa ya gane. Daga cikin gida ba a yi guɗa ba. Shu'aibu ya zo ya riƙe hannuna da hannu biyu. Illo yana can ƙarshen tabarma, ya rufe fuska da hula.

An yanka ragon. Ashe yana da kitse, na zalunce shi.

Bayan Juma'a za a yi sallar.

Jaririn kuwa an riga an fara ce masa Abba. Uwarsa ba za ta kira sunan ba, Balki ba za ta kira ba. Ya shigo gidan da ba mai izinin kiransa, shi ma.

Asabar, da asuba

Kaza ta fito, can ƙasa-ƙasa a gabas, da ƴaƴanta. Ban tambaye ta ko tana nan ba.

Na zare ƙayar daga littafi. Ban karanta ba tukuna, na dai zare. A babin ƙarshe mai littafin ya ce mu ma muna aikawa. Hasken wannan ƙasa yana fita yana tafiya, ba ya tsayawa, ko akwai mai gani ko babu.

Na karɓi Abba daga hannun Balki na ce zan nuna masa gonar da ba zai gada ba. Na hau tudu da shi. Na danna wurin ɗaukar bokal, na ɗan ja yatsan ƙafarsa har ya tsala kuka, na bar shi ya yi mai isarsa. Sannan na kawo salula bakina na ce:

"Abdulmalik. Ka ji shi. Na gama littafin, saura babi ɗaya."

Alama ɗaya ta fito.

Muka sauko. Hadari yana haɗuwa ta gabas, iri kuma yana rumbu ba a fitar ba.